Zaɓen Iri a Kiwon Agwagwa

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Su ne kuma suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. In mutum ya duba sai ya ga kamar maganganun nan biyu suna ƙaryata juna, gama ta fari tana cewa ɗa ya kan gaji iyayensa, ta biyu kuwa tana cewa wani lokaci ya kan saɓa musu. Amma duka biyu gaskiya ne, kuma duk mai kiwo ya ga kowacce da idonsa. Nufina a wannan takarda in bayyana dalilin haka, in kuma nuna yadda sanin dalilin zai amfane mu wajen kiwon wata tsuntsuwa wadda mu ke rainawa, watau agwagwa.

Ba manomin kirki da zai kwashe dawarsa mai kyau duka ya kai kasuwa, ya bar tsamurarriya don iri. Tun a gona ya ke zaɓen zangarniyar da ta fi girma da cika, ya ɗaure ta dabam, ko yunwa ta matsa ba ya taɓa ta. Amma wannan manomin, in ka bi shi gida sa'ad da Salla ko Kirsimeti ta matso, sai ka tarar ya kama toron agwagwar da ya fi duka girma ya nufi kasuwar Gwari ko ta Kure da shi, ya bar ɗan ƙanƙanen da ba mai saye ya zama uban garke. Bara haka ya yi, bana haka, baɗi ma haka zai yi. Bayan 'yan shekaru sai ka ji yana cewa agwagin yanzu ba su kai na dā ba. Ai kuwa gaskiyarsa, amma shi ne ya mai da su haka da hannunsa. Abin da ya sani a gona ya manta da shi a tsakar gida.

AGWAGWA IRI BIYU CE

Kafin mu shiga maganar gado, wajib ne mu san cewa agwagin gida na duniya daga tushe biyu suka fito, kuma ba su zama abu ɗaya ba.

Wadda mu ke gani a lungunan Bosso da Maitumbi da Kpakungu, da bakin kogin Chanchaga, da fadamun shinkafa na ƙasar Nufe, ita ce Turawa ke kira Maskobi. Ana gane ta da jan naman nan mai ƙuraje-ƙuraje da ke kewaye da idonta da gindin bakinta. Ba ta da kwakwazo, toron sai huci kawai ya ke yi. Namijin ya kan kusa ninka macen nauyi. Asalinta daga kurmin Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne, inda mutanen ƙasar suka mai da ita ta gida tun kafin Kolumbus ya isa can a 1492. Jiragen ruwan Fotugal da na Sifaniya su ne suka baza ta Turai da Afirka daga ƙarni na 16. Ashe baƙuwa ce kamar rogo da masara da gyaɗa, ta daɗe har ta zama 'yar gida. Ba ta fito daga dinya ko kirinjijiya da mu ke gani a tafkunanmu ba, waɗannan tsuntsayen daji ne dabam.

Tushe na biyu wata agwagwar daji ce ta ƙasashen sanyi, ana ce da ita malad. Namijinta yana da koren kai, da ɗan gashi mai lanƙwasa a bisa wutsiya, macen kuwa ita ce mai kuka da ƙarfi. Daga gare ta aka sami dukan sauran agwagin gida, su Pekin, da Kaki Kambel, da mai tsayuwa tsaye kamar kwalba wadda a ke kira Indiyan Rana. Ƙwan waɗannan kwana 28 ya ke yi kafin ya ƙyanƙyashe, na tamu kuwa sai ya yi 35. Na kaza, kun sani, 21 ne.

ABIN DA ZAƁE YA YI A WAƊANSU ƘASASHE

Malad ta daji nauyinta bai wuce kilo 1 da 'yan kai ba, kuma ƙwai kamar 10 ta ke yi ta kwanta a kai, sau ɗaya a shekara. To, ku dubi abin da mutane suka fitar daga cikinta.

Mutanen Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna ajiye wadda ta fi saurin girma, suna yanka sauran. Daga nan aka sami Pekin, fara fat, mai ruwan ɗorawar baki. An kai ta Amurka a 1873. Irin da a ke kiwo don kasuwa ya kan wuce kilo 3 cikin mako 7 kaɗai.

A Ingila kuwa wata mace ce mai suna Adel Kambel, a wani ƙauye da a ke kira Uli, ta so agwagwa mai yawan ƙwai wadda kuma ba ta rasa nama ba. Sai ta haɗa Indiyan Rana da wani irin Faransa mai jiki, ta sa jinin malad ta daji a ciki, ta yi ta zaɓe. A 1901 ta fito da mai launin kakin soja, aka sa mata suna Kaki Kambel. In an ciyar da ita sosai ta kan yi ƙwai wajen 300 a shekara, har ta yi gogayya da kajin gona.

Shahararren masanin nan Darwin ya taɓa auna ƙasusuwan agwagwar gida da na ta daji, ya rubuta abin da ya gani a littafinsa na 1868. Ya tarar in an gwada da nauyin dukan ƙasusuwan jiki, na fiffiken ta gida sun ragu, na ƙafafunta kuwa sun ƙaru. Watau har ƙashi ya bi yadda a ke kiwon tsuntsuwar.

Amma akwai abin lura a nan. Duk abin da ka zaɓa shi za ka samu, abin da ka ƙyale kuwa ya kan zube a hanya. Pekin da Kaki Kambel galibinsu sun bar kwanci. Sai su zuba ƙwai su yi tafiyarsu, in ba injin ƙyanƙyasa ko wata uwar riƙo, ba za a ga ɗan tsako ba. Tamu kuwa ta kan yi ƙwai 10 zuwa 15 ko fiye, ta cire gashin ƙirjinta ta shimfiɗa, ta kwanta mako 5 cur, sa'an nan ta fito da 'ya'yanta tana kare su. Ga mutumin ƙauye wanda ba shi da lantarki, wannan hali ya fi ƙwai 300 daraja.

YADDA GADO YA KE TAFIYA

Dā mutane suna tsammani gado kamar gauraya fura da nono ne, jinin uwa da na uba su cakuɗe har ba a iya raba su. Wanda ya fara warware wannan magana wani malamin makaranta ne, Giregor Mendel, a birnin Burno, cikin ƙasar da yanzu a ke kira Cek. Mu da ke koyon aikin malanta ya kamata mu san sau 2 ya shiga jarrabawar samun takardar malanta bai ci ba, amma wannan bai hana shi lura da ƙidaya ba. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta shuka wani irin waken Turawa a lambu, yana haɗa mai jan fure da mai fari, yana rubuta abin da ya fito. 'Ya'yan fari duka masu jan fure suka zama, farin ya ɓace sarai. Da ya bar waɗannan suka haihu, sai ga farin ya komo: jajaye 705, farare 224, watau kamar 3 da 1. Ya buga bayaninsa a 1866, ba wanda ya kula, sai a 1900, bayan mutuwarsa, aka gane muhimmancinsa.

Ga abin da ya gano. Kowane hali yana da ƙwayar gado tasa. Kowane ɗa yana da ƙwaya 2 na halin nan, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ba su narkewa cikin juna. Wata ƙwaya mai rinjaye ce, ko ita kaɗai ce sai ta nuna kanta. Wata kuwa mai laɓewa ce, ba a ganinta sai ta sami 'yar'uwarta sun zama biyu. In shi kuma ɗan ya zo haihuwa, ɗaya daga cikin biyun zai ba kowane ɗa nasa, kuma ba shi ke zaɓa ba, sa'a ce.

Bari mu gwada da agwagwa. Farin Pekin mai laɓewa ne. Mu kira ƙwayar launi L, ta fari kuwa f. Malad tana da LL, Pekin tana da ff. In an haɗa su, kowane ɗa zai sami L daga gefe ɗaya, f daga ɗayan, ya zama Lf, kuma duka masu launi za su fito, ko ɗaya ba fari. To, in an haɗa Lf da Lf, hanya 4 ce:

L ta uba da L ta uwa: mai launi.
L ta uba da f ta uwa: mai launi, amma yana ɗauke da fari a ɓoye.
f ta uba da L ta uwa: shi ma haka.
f ta uba da f ta uwa: fari fat.

Kun ga ke nan yadda iyaye biyu masu launi za su haifi fari. Ba wani baƙon toro ne ya tsallako katanga ba, gadon kaka ne ya fito. Albasar ba ta yi halin ruwa ba, ta yi halin kakarta. A 2018 waɗansu masana na ƙasar Sin suka buga sakamakon irin wannan gwaji, inda suka haɗa malad da Pekin suka sami jikoki fiye da 1,000, har suka gano ainihin ƙwayar da ke kawo farin, da wata kuma da ke sa Pekin girman jiki.

Amma ba kowane hali ke bin wannan hanya daidai ba. A tamu agwagwar fari ba ya laɓewa sarai, baƙi kuma ba ya danne shi sarai. In ka haɗa farin toro da baƙar mace, galibi roɗi-roɗi za ka samu. In ka haɗa roɗi-roɗin da juna, sai ka ga baƙi, ka ga fari, ka ga roɗi-roɗi cikin ƙyanƙyasa guda. Shi ya sa garken ƙauye ba ya tsayawa kan launi ɗaya.

Akwai kuma ƙwayar da ke kisa. Cikin dangin malad akan sami mai tukku a ka, kamar ta sa hula, kuma masu sha'awa suna sonta. Ƙwayar tukkun mai rinjaye ce, guda ɗaya ta isa. Amma in ɗan tsako ya gaji biyu, yawanci a cikin ƙwai ya ke mutuwa. Saboda haka in an haɗa mai tukku da mai tukku, kamar 1 cikin 4 na ƙwai ba zai ƙyanƙyashe ba. Wanda ya san haka sai ya haɗa mai tukku da marar tukku, ya tsira da ƙwansa. Darasin a nan shi ne, abin da ya ƙayatar da ido ba lalle ne ya amfani garke ba.

WA KE KAWO NAMIJI, WA KE KAWO MACE?

Ƙwayoyin gado a jere su ke kan waɗansu zarurruka ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Mutum yana da 46, agwagwa tana da 80, rabi daga uba, rabi daga uwa. Cikinsu akwai 2 da ke yanke maganar namiji ko mace. Ga mutum da saniya da akuya, abin da ya fito daga wajen uba shi ke yankewa. Ga tsuntsaye kuwa juyin haka ne. Toro yana da zare 2 iri ɗaya, ana kiransu Z da Z. Mace tana da Z da W. In ta ba ƙwai Z, namiji ne, in ta ba shi W, mace ce.

Wannan yana da amfani a aikace. Launin ruwan ƙasa na agwagwarmu mai laɓewa ne, kuma kan zaren Z ya ke. In ka haɗa toro mai ruwan ƙasa da baƙar mace, 'ya'ya mata duka za su ɗauko launin ubansu, don Z ɗaya kaɗai gare su kuma daga wajensa ta fito. Mazan kuwa duka baƙaƙe za su zama, don Z ta uwa ta rinjayi ta uba. Ta haka mai kiwo zai iya rarrabe maza da mata tun suna ƙanana, da launi kawai.

ALFADARIN AGWAGWA

Wani zai ce, to, me zai hana a sayo Pekin a haɗa da tamu, a sami mai saurin girma wadda kuma ke kwanci? Ana haɗa su, kuma suna haihuwa, ko da ya ke ƙwai da yawa ba ya ɗauka. Wanda ya ɗauka ya kan ƙyanƙyashe bayan kwana 30 da ɗoriya, tsakanin 28 da 35. 'Ya'yan suna girma da sauri, suna da nama mai kyau, kuma macen ba ta kasa namijin da yawa ba. A Faransa da Taiwan sana'a ce babba. Amma fa kamar jaki ne da goɗiya, alfadari su ke haifa. Shi ba ya haihuwa. Duk wanda ya sayar da agwaginsa na gida ya cika akurki da irin wannan, in ya cinye su ya cinye iri. Don nama suna da kyau, amma ba a gina garke da su.

HALAYEN DA SU KE KAWO KUƊI

Launi da tukku sauƙin ganewa gare su, don ƙwaya 1 ko 2 ke riƙe da su. Amma nauyin jiki, da yawan ƙwai, da jimirin ciwo, da iya renon 'ya'ya, ƙwayoyi masu yawan gaske ne ke taruwa su yi su, kowacce da ɗan abin da ta ke ƙarawa. Ban da haka abinci da kulawa suna da nasu rabo babba. Ɗauki 'yan tsaki 2 daga ƙyanƙyasa guda, ka kai ɗaya gidan mai injin casar shinkafa inda dusa ba ta yankewa, ɗayan ka bar shi yana kiwo a kwata. Bayan wata 4 na farin zai fi girma nesa, amma ƙibar dusa ba ta shiga gado. 'Ya'yansa ba za su gaji dusar ba.

Saboda haka a irin waɗannan halaye ɗa ba ya gadon dukan fifikon iyayensa, sashi kaɗai ya ke samu. A misali, a ce mazan garkenka in sun kai wata 6 matsakaicin nauyinsu kilo 2 da rabi ne, sai ka zaɓi mai kilo 3 da rabi, ka haɗa shi da matan da su ma suka fi 'yan'uwansu. Kada ka sa rai 'ya'yan su kai 3 da rabi. In sun kusa 3 ka gode. Amma ribar nan ba ta zubewa, a kanta za ka ɗora ta baɗi, ka sake ɗora wata a kai. Sannu ba ta hana zuwa. Da yake agwagwa tana isa haihuwa tun tana wata 6 ko 7, mai kiwonta ya kan ga sabon zuri'a kowace shekara, alhali kuwa mai shanu sai ya jira shekara 4 ko fiye.

Wannan lissafi kuwa baya da gaba ya ke aiki. In kullum babban a ke sayarwa ƙaramin ya zauna, kowace shekara ana rage kaɗan, ba wanda ya ke lura sai abin ya yi nisa. Mai gida bai san yana zaɓen iri ba, amma yana yi, sai dai a baibai.

Ga kuma wata matsala ta biyu. A gidaje da yawa agwagwa ɗaya aka saya tun farko, ko aka ba yaro kiwo. Toro ya barbari 'ya'yansa, ɗansa ya barbari 'yan'uwansa, shekara da shekaru ba sabon jini. Kowane garke yana da miyagun ƙwayoyi masu laɓewa, waɗanda ba su cutarwa muddin suna ɗai-ɗai. Amma 'yan gida ɗaya irin ɓoyayyen abu ɗaya su ke ɗauke da shi, don haka sai ƙwayoyin su riƙa gamuwa biyu-biyu. Daga nan sai baragurbi ya yi yawa, 'yan tsaki su fito raunana, waɗansu da karkatacciyar ƙafa, ruwan farko na damina ya kwashe rabinsu. Mai gida ya ce annoba ce, ko bakin mutane.

ABIN DA YA KAMATA MAI KIWO YA YI

1. Ka fara sanin abin da ka ke so, nama ko ƙwai ko uwa mai reno. Wanda ya bi duka a lokaci guda ba zai ga ci gaba da sauri ba. A ƙauyukanmu ni dai ina ganin uwa mai reno ita ce kan gaba, nauyi na biye.

2. Ka zaɓi na iri tun kafin biki ya matso, ka sa musu alama da zare mai launi a ƙafa, ka gaya wa mutanen gida waɗannan ba na kasuwa ba ne, ba kuma na baƙo ba.

3. Ka gwada tsara da tsara. Kada ka auna ɗan wata 8 da ɗan wata 5, ko wanda ya ci dusa da wanda bai ci ba.

4. Toro shi ne rabin garke, gama shi ɗaya ya isa mata 4 zuwa 6, kuma kowane ɗan tsako rabin gadonsa daga gare shi ya ke. Ka nemi mai faɗin ƙirji, mai miƙaƙƙun ƙafafu, mai kuzari, wanda uwarsa ta iya reno.

5. Kada ka auna mace da yawan ƙwai kaɗai. Ka ƙidaya nawa ta ƙyanƙyashe, nawa kuma suka kai wata 2 da rai. Wadda ta yi ƙwai 12 ta raya 10 ta fi wadda ta yi 18 ta raya 4.

6. Kowace shekara, ko bayan shekara 2, ka sake toro daga wuri mai nisa. Na Paiko ya yi musaya da na Kuta, na Bosso da na Wushishi. Ba sai an kashe kuɗi ba.

7. Baƙon tsuntsu a tsare shi dabam mako 2 kafin ya shiga garke. Tun da murar tsuntsaye ta bayyana a Nijeriya a 2006 an san agwagwa tana iya ɗaukar ciwon nan ba tare da ta nuna alama ba.

8. In kana so ka tabbatar da uban 'ya'ya, ka raba macen da sauran maza mako 2 zuwa 3 kafin ka fara tara ƙwan iri, gama barbara guda ta kan yi aiki kwanaki da yawa a jikinta.

RABON MALAMIN MAKARANTA

Irin wannan aiki ba na Turawa kaɗai ba ne. A Shika, kusa da Zariya, ma'aikatan binciken kiwon dabbobi sun yi shekaru suna zaɓen kaji, har a shekarar 2000 aka fitar da ShikaBrown, kaza mai yawan ƙwai wadda ta jure zafin ƙasarmu. Nan Minna kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, tana da sashen koyar da kiwon dabbobi. Amma agwagin ƙasan nan ba a gonakin gwamnati su ke ba, suna hannun mata da yara a ƙauyuka, kuma mu ne za a tura ƙauyukan nan. Abin da yaro ya koya a aji da safe, da yamma yana tsakar gida.

Ga hanya mai sauƙi ta koya wa yara dokar Mendel ba tare da littafi ba. A sami ƙwarya 2, ɗaya uba, ɗaya uwa. A zuba jan wake 50 da fari 50 a kowacce, a gauraya. Yaro ya rufe ido ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga nan, ɗaya daga can, wani ya rubuta abin da ya fito a allo, sa'an nan a mayar da waken a sake gaurayawa. In ja da ja ne, ko ja da fari, ɗan tsako mai launi ne. In fari da fari ne, fari ne. A yi haka sau 100. Za a sami farare wajen 25, wani lokaci sama kaɗan, wani lokaci ƙasa. Yara za su ga da idonsu cewa 1 cikin 4 ba ya nufin kowane ƙwai na huɗu, sai an ƙidaya da yawa lissafin ya ke fitowa. Darasin lissafi ke nan da na kimiyya a lokaci guda.

In makaranta tana da ɗan fili, toro 1 da mata 4 sun isa. Dusa da gara da ɗanyen ganye da ragowar abinci, da kasko na ruwa wanda za su iya tsoma kai, da akurki mai tsaro saboda shirwa da muzuru. Sai littafi guda, wanda shi ne ya fi duka muhimmanci. A ba kowace agwagwa shafinta: launinta, uwarta da ubanta, ranar da ta fara ƙwai, nawa ta yi, nawa ta ƙyanƙyashe, nawa suka rayu, da nauyinsu a wata 3 da wata 6. 'Yan aji na sama su riƙa rubutawa, in sun fita su miƙa wa na bayansu. Ƙarshen shekara a zauna da yara a buɗe littafin, su da kansu su faɗi wadda za a ajiye da wadda za a sayar, kuma kowa ya kawo dalilinsa daga abin da ke rubuce. Toron da ya rage a makaranta a ba iyayen yara musaya da nasu, ta haka sabon jini zai shiga gidajen gari.

Mendel da ƙidaya ya gano abin da ya gano, ba da wani inji ba. Matan nan ta Ingila a bayan gidanta ta yi nata aikin. Mu ma abin da a ke bukata gare mu bai wuce wannan ba, watau ido, da fensir, da haƙurin barin toro mafi kyau a gida ranar da kuɗinsa ya fi tsada a kasuwa. Ina roƙon 'yan'uwana da za su fita koyarwa bana, kowa ya gwada ko da na ƙwarya da wake ne, in mun komo mu gwada abin da muka samu.